Sallahun Baffa da Ban Kai Ba

A shekarar da soja suka sauka suka miƙa mulki ga farar hula a gida, cikin watan Rajab, Allah ya karɓi ran Baffana, ƙanen mahaifina. A Kano ya cika, a ɗakinsa, mu kuwa muna Guangzhou. Labarin ya same ni bayan la'asar a shagonmu na benen Tianxiu, ina tsugune ina jera samfurin dardumar salla. Waya ta yi ƙara, na ɗauka, sai na ji muryar mijin 'yarsa, mutumin Maraɗi, wanda ya raka shi gida jinya.

Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Baba ya riga mu gidan gaskiya. Da asuba, da kalmar shahada a bakinsa."

Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da ya biyo baya a zuciyata kuwa, sai dai in nemi gafarar Allah: shi ya rufe masa ido, ba ni ba.

A lokacin ba mu da yawa a garin. Duk mai jin Hausa, da ɗan Kano da ɗan Nijar da ɗan Kumasi, falo ɗaya yake ɗauke mu. Falon kuwa na Baffa ne, a wani gidan haya a Dengfeng, inda muke jam'in salla tun da ya kama shi. A nan muka yi zaman makoki kwana uku. Wani mai sayen takalma, ƙaton mutum da ba a taɓa ganin hawayensa ba, ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar an yi masa mutuwar uwa. Wani dattijo ɗan Kumasi kuwa carbi kawai yake ja yana duban gurbin da Baffa yake zama. Tsohuwar da ke da gidan, Basiniya wadda ba ta salla, ta hau bene da ledar lemo, ta tsaya a bakin ƙofa ta nuna gurbin ta ce, "Lawban, meyo?" Wato maigida babu? Muka ce babu. Ta ajiye lemon, ta sunkuya sau uku, ta sauka.

Ɗan Pakistan da ke mana jigilar kaya ya zo da tukunyar shinkafa, yana kuka da ƙarfi, yana rungumar kowa. Sai rana ta uku wani Musulmi ɗan Indiya, mai sayar da yadi a benen da muke, ya zo. Da can yana cikin sahunmu na salla, amma ya fi shekara bai tako falon ba. Ya zauna kusa da takalma, aka miƙa masa shayi ya ajiye bai sha ba. Da aka shafa addu'a ya tashi, na raka shi. Yana saka takalmi ya ce mini da Turanci, a hankali, yadda ba wanda zai ji:

"Mutumin kirki ne, Allah ya gafarta masa. Amma ranar da yake da maganar da zai aika wa malamai, malaman Pakistan kaɗai ya tuna. Mu ma muna da 'ya'ya."

Ya sauka. Baffa kuwa bai manta da su ba, ni kaɗai a duniya na san takardar da ya rubuta musu tana ƙasan akwatina. Saboda wannan nake rubuta abin da nake rubutawa.

Baffa ya zo Sin yana da furfura. Ya yi fatauci a ƙasashe da dama kafin nan, darduma da carbi da agogon bango yake saye ya aika Kano. Har ya bar garin kalma uku ya iya ta Sinanci: gaisuwa, godiya, da babu. Ya ce sun ishe shi, sauran kuma na'urar lissafi ta yi. Ni nake masa tafinta da Turanci, ni kuma nake masa rubutu. Shekara ashirin duk wasiƙar da ta fita daga hannunsa da ajamina ta fita, don idonsa ya yi rauni tun da wuri. Ni na san yadda yake buɗe magana, na san inda yake tsayawa ya ɓantari goro kafin ya ci gaba.

Goro shi ne rauninsa. A garin nan ba a sayar da shi, sai wanda matafiyi ya kawo. Yakan nannaɗe shi da ɗanyen tsumma, ya raba ƙwaya ɗaya gida huɗu da 'yar wuƙarsa, ta kai shi kwana biyu. In ya ba ka ɓari guda, to ka san kana da matsayi.

Duk baƙon da ya sauka daga gida, Baffa yakan bar shi ya shimfiɗa darduma da kansa. Ɗan Kano kuwa in ya ce zai yi salla, gabas zai duba, haka ya tashi ya gani. Sai mutum ya daidaita tsayuwa, Baffa ya taɓa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, ka ba Makka baya. Ka wuce ta tun a jirgi. Nan yamma ake duba." A yi dariya, baƙo ya juya da kunya. Sai Baffa ya ce masa, "Ka riƙe wannan. A garin nan abubuwa da yawa da ka tabbatar da su a gida, sai ka sake tambaya."

Sulhu kuwa yana da hanyarsa. Na tuna wasu mutum biyu, ɗan Kano da ɗan Yamai, da suka yi faɗa a kan masana'antar silifas. Ɗaya ya kai ɗaya ya nuna masa wurin, wancan ya zagaya ya koma shi kaɗai da samfurin abokinsa. Har suka kai ga cin kwala a bakin lif, 'yan gadi na kallo. Baffa bai tara su ba. Ya je wurin ɗan Kano ya zauna a kan kwali, ya ce, "Ban zo in ce ba ka da gaskiya ba. Roƙo na zo. Ka bar mini." Ya je wurin ɗan Yamai ya faɗi haka. Ranar Juma'a kowannensu yana gaya wa jama'a, "Wallahi ba don Malam ba, da ya gani." Na ce, "Baffa, ai kowa yana ganin shi ya yi maka alfarma." Ya ce, "To sai me? Sun gaji da faɗan tun jiya. Kunya ce ta hana su bari. Ni na ba su wanda za su ce saboda shi suka bari."

Mijin 'yarsa ya iso wurinmu shekara biyu kafin rasuwar. Ya yi karatu mai zurfi, Larabci a bakinsa kamar ruwa, ga Faransanci, ga ladabi. Ladabin ne ya fi ci mini rai. Bai taɓa kiran sunana ba, sai Yaya. In na shigo ya tashi ya ba ni wuri. Na nemi aibu ɗaya a jikinsa da zan riƙe, na rasa. Ranar da muryar Baffa ta dushe ya tura shi gaba ya ja mu salla, ni ina sahu ina jin daɗin ƙira'arsa ina jin haushin daɗin. Nakan ce masa, "Ɗan Maraɗi, a rage ja, muna da kwastomomi." Ya ce, "To Yaya, in sha Allahu." Kuma ya rage. Ko wannan bai ba ni abin faɗa ba.

A shekarar da ta gabaci rasuwar, lokacin zafi, Indiya ta gwada bom ɗin nukiliya. Kafin wata ya ƙare Pakistan ta gwada nata. Washegari da azahar ɗan Pakistan ya shigo falon da faranti cike da alawa, fuskarsa kamar ranar suna, yana cewa Musulmi sun samu bom. Samarinmu suka yi kabbara suka ɗiba. Ni ma na ɗauka. Ɗan Indiya yana zaune a gefe, kansa a ƙasa. Da farantin ya iso gaban Baffa sai ya naɗe hannu.

Ya dubi ɗan Pakistan ya ce da ni, "Tambaye shi, in an jefa, a kan wa zai sauka?"

Na tambaya. Ɗan Pakistan ya ce a kan maƙiya.

Baffa ya nuna ɗan Indiya da haɓa. "Wancan da yake kafaɗa da kafaɗa da kai a sahu, gidansu yana ƙarƙashinsa ko ba ya ƙarƙashinsa? Kuma maƙwabcinsa da ba ya salla, shi ba ɗan Adam ba ne? Ka gaya masa ba na cin alawar wuta. Ta Indiya ma da an kawo ba zan ci ba."

Na tofar da alawar da ke bakina a tafin hannu.

Bayan salla ya ba mu labarin da ban taɓa ji ba duk zamana da shi. Yana saurayi ya tafi Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare a Sudan, ya tsaya yana aikin gonar auduga. A can ne wata rana suka ji a rediyon mai shayi cewa Amurka da Rasha sun ja daga a kan tsibirin Kyuba, kowa ya ɗora hannu a kan makamin da zai ƙone duniya. Ya ce kwanaki suka yi suna aiki suna duban sama. Sai rediyo ta ce Fafaroma ya fito ya roƙi shugabannin biyu su dubi bayin Allah. Bayan 'yan kwanaki aka ji sun ja da baya.

Wani ya ce, "Malam, ai tsoron juna ne ya hana su."

Baffa ya ce, "Tsoron yana nan tun farko, bai sa sun juya ba. Mai mulki ba ya iya cewa na ji tsoro. Amma yana iya cewa an roƙe ni. Ban ce roƙon kaɗai ya yi aikin ba, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne, ranar nan na ji kishi. Na ce ina namu malaman? Me ya sa ba muryarmu aka ji ba? Shekara talatin da 'yan kai ina ɗauke da kishin nan. Yau ga ƙasashe biyu cike da masallatai. In malamansu suka yi shiru, ko suka hau mumbari suna yabon bom, me za su ce ranar tambaya? Ni kuma me zan ce, da na ji na ci alawa?"

Ya ce in ɗauko alƙalami. Ya yi ta faɗa ina rubutawa, wasiƙa zuwa ga limamai: kada su yi wa makamin addu'ar albarka, su roƙi shugabanninsu a bainar jama'a, roƙon da mai mulki zai iya fakewa da shi ya sauke hannu ba tare da ya ji kunya ba. Ban taɓa ƙawata rubutu kamar na ranar ba. Na yi wasali da jar tawada, na ja layi a gefe. Da na gama ya karɓa, ya miƙa wa surukinsa ya ce, "Mayar da ita Larabci, kwafi biyu. Malaman can ba sa jin Hausa."

Gaskiya ce, ba sa ji. Amma da ɗan Maraɗi ya gama ya karanta, Baffa ya share hawaye ya riƙe hannunsa na dama ya ce, "Allah ya yi wa hannun nan albarka." Tawa takardar kuwa ya ninke ta ya sa a aljihu, bai ce komai ba.

A wurinmu ba a aika wa malami takarda hannu sake, sai da goro. Ƙwaya biyu suka rage wa Baffa, kuma ba a sa ran matafiyi sai bayan mako uku. Ya ɗaure kowace takarda da ƙwaya ɗaya a cikin farin ƙyalle. Ɗan Pakistan da ɗan Indiya duk suna shirin zuwa gida a makon, kowa zai kai wa limamin garinsu. Ya ba surukinsa ta Pakistan. Ya ba ni ta Indiya ya ce, "Shi ya yi aikin hannu, kai ka yi na ƙafa. Sallahu ne, ka danƙa masa hannu da hannu."

Aikin ƙafa. Shekara ashirin ina riƙe masa alƙalami.

Na hau lif na je ofishin ɗan Indiya. Yarinyar da ke masa aiki ta ce, "Lawban meyo," ya tafi masana'anta, in dawo gobe. Har nan ba ni da laifi. Gobe ta yi, na ce sai na sallami kwastoma. Na kwance ƙyallen na dubi rubutun, ina neman kuskure ko na ɗigo ɗaya. Babu. Na ce a raina, takardar ɗan kasuwa ce za ta hana ƙasa jefa bom? Jibi jirginsa ya tashi. Na sa ƙullin a ƙasan akwati.

Baffa ya ce, "Ka ba shi?"

Na ce, "An gama, Baffa."

Da ɗan Pakistan ya dawo, ya cika bene da labari: limaminsu ya karanta wasiƙar malamin Afirka bayan sallar Juma'a, wasu sun tashi sun fita, wasu tsofaffi sun yi kuka. Ɗan Indiya ya ji, bai tambayi kowa ba, ya daina zuwa salla falonmu. Baffa ya damu, ya ce in kai shi wurinsa. Muka je, ya ce, "Tambaye shi, saƙona ya isa hannun malaminsu?" Na juya na ce da Turanci, "Malam yana tambaya, ka iske iyali lafiya?" Ya ce, "Alhamdu lillahi." Baffa ya ji da kunnensa, ya yi murmushi, ya ɗaga hannu ya yi godiya ga Allah. A lif yana ce mini, "Wataƙila an zage shi a can saboda ita, shi ya sa yake jin nauyinmu. A bar shi ya huce."

Da shekara ta zagayo, ƙasashen biyu suka gwabza a kan duwatsun Kashmir, rediyo kullum tana maganar bom. A lokacin ciwon Baffa ya fara tsanani. Yana zaune yake ja mana alƙunutu, yana cewa, "Ya Allah, mun aika gabas mun aika yamma, ka sa a ji." Ni ina bayansa ina cewa amin. Hankalina ya san takarda ɗaya ba ta tsayar da yaƙi. Amma duk sanda aka ce an kashe mutane kaza, akwatina nake tunawa. Sau biyu na shiga wurinsa da niyyar faɗa, sau biyu na tarar da surukinsa yana matsa masa ƙafa, na ce na zo duba jiki ne. Yaƙin ya lafa ba a jefa komai ba. Baffa ya sa aka dafa shinkafa sadaka. Bayan wata biyu aka sa shi a jirgi, ya zaɓi wanda zai raka shi, ni ya ce in kula da shago.

Ɗan Maraɗi ya dawo ana gobe addu'ar arba'in. Ya kawo mini gafakar Baffa ya ce, "Yaya, ya ce a ba ka." A ciki akwai 'yar wuƙar goro, da takardata ta ajami, ta yi laushi, ninkin ya kusa tsagewa. Ya ce, "Kusan kullum sai ya sa na karanta masa ita a asibiti. Na ce in karanta ta Larabcin, na haddace ta. Ya ce a'a, waccan ta baƙi ce, wannan ita ce maganarsa."

Na tashi na hau bene wurin ɗan Indiya, na ce gobe ya zo don Allah, akwai kayansa a wurina.

Ya zo, ya zauna kusa da takalma kamar wancan karo. Da aka shafa, kafin a kawo abinci, na fito da ƙullin na ajiye a tsakiyar darduma. Na faɗi abin da na yi da Hausa, na sake faɗa da Turanci, ban rage ba, har da tafintar ƙarya. Mai sayen takalma ya ce, "Kai, Alhaji! Kai kuwa me ya kai ka?" Dattijon Kumasi ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi.

Na dubi ɗan Maraɗi na ce, "Ba don komai na riƙe ta ba sai don rubutunka ne, kuma ya fi nawa. Ka yafe mini."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ni ba ka yi mini komai ba. Ga mai haƙƙi can."

Na ɗauki ƙullin na ratsa mutane na durƙusa a gaban ɗan Indiya. Ya kwance ƙyallen. Goron ya bushe ya yi baƙi, ya koma kamar tsakuwa. Ya tambayi ko mene ne, na ce shi ne na ƙarshe da Baffa yake da shi, ya hana bakinsa ya aika wa malaminku. Ya daɗe yana juya shi a tafin hannu. Ya ce a karanta masa takardar. Ɗan Maraɗi ya karanta da Larabci, ni ina mayarwa Turanci jimla bayan jimla, kuma wannan karon abin da aka faɗa shi na faɗa.

Da muka kai ƙarshe na ce masa, "Na makarar da ita shekara ɗaya da rabi. Ban san ko tana da sauran amfani ba."

Ya ninke ta, ya mayar da goron, ya ɗaure ƙyallen da kansa, ya sa a aljihun ƙirji. Ya ce, "Bom ɗin yana nan inda yake, nasu da namu. Bayan azumi zan je gida."

Sannan ya jawo kofin shayin da ke gabansa ya shanye. Da aka ta da iƙamar la'asar ya bar wurin takalma ya shigo sahu, ya tsaya tsakanina da ɗan Pakistan, muka dubi yamma.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya aika ya isa, ya yafe wa wanda ya tsare shi a hanya.